Gida Mai Taya: Kafin A Sayar Da Gona A Hau Titi

Yau za mu leƙa wata irin rayuwa da ake yi nesa da mu, sannan mu dawo da ita gida mu auna ta da mudun Kura da Bunkure.

Da yawa daga cikinku kun taɓa ganin hotonta a waya: doguwar mota kamar bas, amma a cikinta akwai gado da kujeru da murhun gas da firij, har da banɗaki. Amurkawa suna kiranta RV, mu kuwa bari mu sa mata suna gida mai taya. Akwai mutanen da ke sayar da gidansu na gini da kayan ɗakinsu kaf, su sayi irin wannan mota, su koma cikinta da zama. Wannan makon su kwana a bakin tafki, mako mai zuwa a gindin dutse. Matashin da ya gaji da ganin kanal ɗaya da hanyar makaranta ɗaya kullum, in ya ga haka dole ransa ya biya. Ai ma Hausawa sun ce zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi.

Kuna iya cewa mu ina ruwanmu, tun da ba a yin haka a nan. A gaskiya ana yi, kamannin ne kawai suka bambanta. A garuruwanmu ba baƙon abu ba ne a ji an raba gado, wani ya sayar da rabonsa na gona ko na gida ya sayi mota ko Adaidaita Sahu ko babur, ya ce shi ya gaji da taɓo, titi zai hau. Wasu daga cikinku nan da 'yan shekaru za su tsinci kansu a gaban wannan shawara, wasu ma yanzu haka ana tattauna ta a zaurensu.

Yadda abin yake a Amurka

Yawancin waɗannan motoci a yankin garin Elkhart na jihar Indiyana ake ƙera su, kuma ɗaya daga cikin sanannun kamfanonin shi ne Winnebago. Motar tana da tankuna uku: na ruwa mai tsabta, na ruwan wanka da wanke-wanke, sai na banɗaki. Na farkon sai an nemi inda za a cika shi, biyun ƙarshen kuma sai an kai su wurin da doka ta yarda a juye. Wuta daga batir take zuwa, ko sola, ko janareta, ko kuma a biya kuɗin kwana a sansanin da aka tanada a jona. A filayen gwamnatin tarayya na yammacin ƙasar ana iya yada zango kyauta, amma a mafi yawansu bayan kwana 14 sai a tashi. Lokacin sanyi dubbansu sukan taru a wani ɗan ƙaramin gari mai suna Kwatsait a hamadar jihar Arizona, in zafi ya shigo su nausa arewa.

Masu wannan rayuwa iri biyu ne. Akwai dattawan da suka gama aiki, 'ya'yansu suka watse, kuɗin fansho yana shigo musu duk wata ko suna ina, ga inshorar lafiya. Waɗannan su ne aka fi nunawa suna murmushi a hoto. Akwai kuma waɗanda larura ta kora titi, musamman bayan karyewar tattalin arziki ta 2008, lokacin da miliyoyin Amurkawa suka rasa gidajensu saboda sun kasa biyan bashin banki. Wata 'yar jarida, Jessica Bruder, ta bi irin waɗannan mutane ta rubuta littafi mai suna Nomadland a 2017. An mayar da shi fim, har ya ci babbar kyautar Oska a 2021. Abin da ta tarar shi ne tsofaffi masu shekara sittin da saba'in suna bin aikin ƙwadago daga jiha zuwa jiha: gab da Kirsimeti su yi ɗaukar kaya a rumbunan kamfanin Amazon, lokacin kaka su je girbin wani tushe mai kama da gwaza da ake yin sukari da shi. Duk ɗan Kano da ya ji wannan ya san sunansa. Ci-rani ke nan, sai dai a cikin mota.

Wani abin lura kuma, ko su ma ba su rabu da adireshi ba. Lasin tuƙi da rajistar mota da katin zaɓe da asusun banki duk sai da adireshi, don haka da yawansu sukan yi rajista a jihohi irin su Dakota ta Kudu ko Tekzas ko Fulorida, su riƙa biyan wani kamfani yana karɓar musu wasiƙu. Ashe ko mutum ya bar gida, hukuma ba ta daina tambayarsa ina ne gidansa.

Mu ma mun san zaman hanya

Ba Amurka za ta koya wa Bahaushe tafiya ba. Kakanninmu fatake sun yi ta kai da kawowa da jakuna tsakanin Kano da Gwanja a ƙasar Gana ta yau, su kai kanwa da tufafi su dawo da goro. Tafiya ce ta watanni, madugu yana gaba, ana kwana daga zango zuwa zango. Ita kanta Kura, tun kafin a san ta da shinkafa an san ta da rini. Baƙin rawani mai sheƙi da ake kira ɗan Kura ya kai har Agadas da cikin Sahara a kan raƙuman Abzinawa.

Ga Fulani makiyaya da kuke gani suna shigowa yankinmu bayan girbi domin karmami da ragowar ganye. Gidansu ana iya naɗe shi a ɗora wa sa cikin sa'a guda. Ga 'yan ci-rani da ke zuwa daga wasu jihohi da Jamhuriyar Nijar domin dashen shinkafa da tsinkar tumatir. Ga kuma direbobin manyan motoci da ke lodin kwanduna a Kwanar Gafan su nufi kasuwar Mile 12 a Legas, tafiyar kusan kilomita 1,000, wanda sau da yawa motar ce ɗakin kwanansu.

To ku dubi waɗannan mutane da kyau, za ku ga abu ɗaya ya haɗa su. Falke ya bar iyali da gandu a gida, ribar goron ma gida take komawa. Ɗan ci-rani da ya ga hadari ya fara haɗuwa a gabas zai ɗaure kayansa ya koma gonarsa. Direban Legas yana da ƙofar da zai ƙwanƙwasa in ya dawo. Bafulatani kuwa, wanda shi ne ya fi kowa kama da mai gida mai taya, dukiyar da yake yawo da ita haihuwa take yi. Saniya ɗaya ta bana, in Allah ya kiyaye ta, nan da 'yan shekaru ta zama uku, ga nono kullum. Kowannensu ko dai yana da tushen da zai koma, ko kuma abin da yake tafe da shi ƙaruwa yake yi. Wanda ya sayar da gida ko gona ya sayi mota ya rasa tushen, kuma abin da ya riƙe a madadinsa raguwa yake yi.

Gona da mota a kan sikeli

Bari mu tuna irin ƙasar da ake maganar sayarwa. An gina madatsar ruwa ta Tiga tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Daga can ruwa yake gangarowa ta babban kanal, ya ratsa Ruwan Kanya, ya rarrabu zuwa ƙananan magudanai a ƙananan hukumomin Bunkure da Kura da Garun Malam. Kashi na farko na aikin an tsara shi ne a kan hekta 22,000, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da shi. A 'yan shekarun nan an yi wa kanal-kanal ɗin gyara a ƙarƙashin wani shiri da Bankin Duniya ya ba da rancen kuɗinsa. Abin da ya sa wannan ƙasa ta fita daban shi ne ruwan da ƙafarsa yake zuwa, saboda Tiga ta fi gonakin tudu. Manomin da ke da fili a bakin kanal yana iya yin shinkafa da damina, ya yi alkama ko tumatir ko albasa da sanyi, wani ma ya ƙara da masara kafin ruwa ya sauka. A mafi yawan Arewa sau ɗaya ake noma a shekara.

Irin wannan fili ba ya ƙaruwa. Iyakar inda kanal ya kai, nan ya tsaya. Mutane kuwa kullum ƙaruwa suke yi. A ƙidayar 2006 Jihar Kano tana da mutum miliyan 9.4, kuma yawancinku ba a ma haife ku ba a lokacin. Duk abin da masu nemansa ke ƙaruwa alhali shi bai ƙaru ba, tsadarsa hawa take yi. Ku tambayi kowane dattijo a unguwarku nawa ake sayar da eka ɗaya a bakin kanal shekara ashirin da suka wuce, nawa ake sayar da ita yau. Shi ya sa wanda ya sayar da wuya ya iya sake saye.

Mota kuwa tun ranar da aka karɓi makullinta take fara tsufa. Taya tana cinyewa, inji yana neman ringi, giya tana neman bakanike, ga sabunta takardu duk shekara. Wani zai ce ai yanzu tsohuwar mota ma tsada take ƙarawa. Haka ne in a naira ake ƙirge, domin darajar nairar ce ke faɗuwa. Amma a gwada da buhun shinkafa: buhu nawa motar ta ci ranar da aka saye ta, buhu nawa za ta kawo in an sayar da ita bayan shekara bakwai tana zirga-zirga a hanyar Zariya? Nan ake gane gaskiya.

Ga wani ɗan lissafi ku gwada a bayan littafinku. Mu ɗauka babbar mota tana cin lita ɗaya a kowace kilomita huɗu. Zuwa Legas lita 250 ke nan, zuwa da dawowa lita 500. Ku leƙa allon gidan mai mafi kusa da ku, ku ninka da farashin yau. Wannan kuɗi sai an biya shi ko an samu lodin dawowa ko ba a samu ba. Gona in an bar ta shekara guda ba a taɓa ba, ciyawa kawai za ta fito. Mota in ta yi wata shida a ajiye, batir ya mutu, taya ta sace, tsatsa ta kama.

Abin da titi ba ya faɗa wa mutum

Mai rayuwa a kan taya yana ƙarƙashin hukuncin da ba shi ke yankewa ba. A watan Janairun 2013 gwamnatin Kano ta hana acaɓa a cikin birni, dare ɗaya dubban matasa suka wayi gari babu sana'a. Wanda ke da gona a ƙauye ya koma ya kama fartanya, wanda babur ne kaɗai abin da ya mallaka ya shiga tsaka mai wuya. A ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500. Duk lissafin da mai mota ya yi kafin ranar ya rushe.

Ba mu ce noma ba shi da nasa bala'in ba. A 2016 tsutsar tumatir da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki a Kadawa da kewaye, har kamfanin tumatir na Dangote da aka buɗe a shekarar ya tsayar da aiki saboda rashin kaya. Manomi ya yi asara, direban da ke jiran lodi ma ya yi asara. Amma da damina ta zo manomin ya shiga filinsa ya dasa shinkafa, domin tsutsa ganye da 'ya'ya ta ci, ta bar masa ƙasar. Motar da ta kife da kwanduna a hanyar Lakwaja ba ta barin wani abin da za a sake shukawa.

Akwai kuma wani abin da ba a sa shi a cikin ciniki, amma tare da gidan ake sayar da shi. Maƙwabcin da zai ba ka aron injin feshi, mai shagon da zai ba ka taki bashi zuwa girbi, ƙungiyar masu amfani da ruwa da ta san layinka da ranarka, matan da ke turara shinkafa tare da mahaifiyarku suna adashe, jama'ar da za ta cika ƙofar gida ranar suna ko ranar rasuwa. Wannan ita ce inshorarmu. Dattijon Amurka yana da fansho da ke bin sa duk inda ya je. Mu namu tallafin a unguwa yake zaune, ba ya hawa mota. Shi ya sa aka ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Makaranta fa?

Wannan ya fi shafarku kai tsaye. Yawancin masu gida mai taya a Amurka sun riga sun gama renon 'ya'ya. Ɗalibin sakandare kuwa yana buƙatar zama wuri ɗaya: makin gwaje-gwajen aji ana tara shi ne zango bayan zango, rajistar WAEC da NECO ta hannun makaranta ake yi, ɗakin gwaje-gwajen kimiyya ba ya bin kowa a hanya. Gwamnatin tarayya ta kafa Hukumar Ilimin Makiyaya a 1989, mai hedikwata a Kaduna, domin ta gane cewa yaron da ke tafiya kullum karatu yana kuɓuce masa. Har da wannan ƙoƙari, 'ya'yan makiyaya da ke kai wa ƙarshen sakandare yawanci sai an ajiye su a gari wurin dangi. Wato su ma da suka gaji tafiya kaka da kakanni, in karatu suke so sai sun nemi gida.

In maganar ta taso a gidanku

Kada ku fahimce mu da cewa tuƙi ba sana'a ba ce. Ba don direbobi ba, tumatirin Kadawa a gona zai ruɓe, shinkafar Kura ba za ta kai Dawanau ba balle Fatakwal. Akwai gidaje da yawa da mota ta gina. Akwai kuma lokacin da sayar da fili ya zama dole, kamar rashin lafiya mai tsanani ko bashin da ya kai wuya, kuma ba a zargin wanda ya yi hakan. Abin da muke ja a kai shi ne a tumɓuke tushe gaba ɗaya saboda sha'awar abin da aka hango, domin hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Akwai hanyoyi a tsakani. Ana iya ba da gonar haya na shekara ɗaya ko biyu, kuɗin ya zama jari, ƙasar tana nan da sunan gida. Ana iya sayen motar daga ribar girbi biyu ko uku, ko 'yan'uwa su haɗa hannu su saya. Mai son tuƙi yana iya fara bin wani direba na shekara guda ya ga abin da ke shiga da abin da ke fita kafin ya sa kuɗinsa. Ko a Amurka masu hankali sukan ɗauki hayar motar na wasu watanni, ko su sa 'yan haya a gidan maimakon su sayar. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku yara ne, ba ku ke yanke hukunci ba, amma kuna da biro da lissafi, kuma iyaye suna jin maganar da aka kawo cikin ladabi. Ɗalibi yana iya durƙusawa ya ce, "Baba, da za a yarda, da na rubuta abin da gonar ta kawo bana da abin da motar za ta ci a wata, sai a duba." Ɗaliba tana iya cewa yayanta, "Yaya, in aka ba da ita haya bana, baɗi ai tana nan in tafiyar ba ta yi daɗi ba." Ku tuna kuma, a gonar gado akwai rabon uwa da na 'yan'uwa mata. Sayar da ita ba shawarar mutum ɗaya ba ce.

Ku da ke ƙishirwar ganin duniya, ƙishirwa ce mai kyau, kada ku kashe ta. Tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma da wannan karin magana Alhaji Abubakar Imam ya sa wa littafin da ya rubuta bayan ziyararsa Ingila a 1943 suna. Ya je ya gani, ya dawo Zariya ya ci gaba da aikinsa. Hanya mafi arha ta fita daga Bunkure zuwa ko'ina ita ce takardar sakamako mai kyau. Jami'a za ta kai ku wata jiha, bautar ƙasa da aka fara tun 1973 za ta ajiye ku shekara guda a inda ba ku taɓa zato ba, aikin injiniyan ruwa ko malamin gona ko jami'in lafiya zai zagaya da ku fiye da yadda kowace mota za ta yi. Kuma duk inda kuka je, in hutu ya zo akwai inda za ku sauka.

Aikinmu na wannan mako: kowa ya sami dattijo ɗaya da direba ɗaya a unguwarsu. Ku tambayi dattijon farashin eka a da da yanzu, ku tambayi direban abin da yake kashewa a wata kan mai da gyara da takardu. Ku rubuta abin da kuka gano a shafi ɗaya, ku nuna wa malaminku na lissafi ko na aikin gona, sannan ku aiko mana tare da sunan makarantarku da ajinku. Za mu buga waɗanda suka fi tsari. Sai mako mai zuwa, a yi karatu lafiya.